Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Editocin Kafafen Hausa Kan Bikin Pongala Na Attukal

Zuwa ga editocin jaridu, shugabannin sassan labarai na gidajen rediyo da talabijin, da masu riƙe da manyan shafukan Hausa a Facebook da sauran dandamali.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto muku ne kan wani labari da ke dawowa kowace shekara tsakanin tsakiyar Fabrairu da tsakiyar Maris. Hotuna ne na mata sahu-sahu a bakin titi, kowace da tukunyar ƙasa a kan bulo uku, hayaƙi ya turnuke gari. Hoton yana da ɗaukar ido, shi ya sa ake yawan yaɗa shi, sai dai bayanin da ake liƙa masa a ƙasa ne matsalar. Wani ya ce gasar girki ce, wani ya ce rabon abinci ne ga mabuƙata, wani kuma ya ce bikin girbin Indiyawa ne. Duka ukun ba haka ba ne. Roƙonmu ɗaya ne: in za ku ba da labarin, ku ba da shi yadda yake. Faɗin abin da wasu mutane ke yi a addininsu daidai ba ya nufin an yarda da aƙidarsu, kuma mai karatun Hausa yana da haƙƙin ya san abin da idonsa ke gani.

Bikin sunansa Pongala, na mabiya addinin Hindu ne. Wurin bautar da ake yi dominsa yana unguwar Attukal a birnin Thiruvananthapuram, wanda wasu suka fi sani da Trivandrum, hedikwatar jihar Kerala a ƙuryar kudu maso yammacin Indiya. Yana kusa da kogin Killi, kimanin kilomita biyu daga tsohuwar ganuwar birnin. Abar bautar mace ce, mabiyanta suna kiranta Bhagavathy, ko kuma Attukal Amma, wato uwar Attukal, kuma suna ɗaukar ta a matsayin Bhadrakali, ɗaya daga cikin ababen bautar Hindu mata. Kwamitin amintattu ne ke gudanar da wurin. Labarin kafuwarsa na baka ne: an ce wata yarinya ta roƙi dattijon gidan Mulluveettil ya ƙetarar da ita kogi, ta ɓace, sannan ta zo masa a mafarki ta nuna masa inda zai kafa mata mazauni. Ku kawo shi da "mabiyanta sun ce", kada ku ƙirƙiro masa shekara dubu kaza don labari ya yi armashi.

Akwai labari na biyu, kuma wanda bai san shi ba ba zai fahimci tsarin bikin ba. Mutanen wurin suna danganta abar bautar da Kannaki, matar da aka ba da labarinta a tsohuwar waƙar harshen Tamil mai suna Silappadikaram, wadda ta haura shekara dubu. Mijinta Kovalan ya kai munduwar ƙafarta kasuwar birnin Madurai, hedikwatar masarautar Pandya, zai sayar. Maƙerin zinaren da ya sace ta sarauniya ya ɗora masa satar, sarkin Pandya ya sa aka kashe shi ba tare da bincike ba. Kannaki ta je fada da ɗaya munduwar, ta fasa ta a gaban sarki. Jajayen duwatsu masu daraja suka zubo, alhali ta sarauniya lu'ulu'u ne a cikinta. Sarki ya faɗi ya mutu, ita kuma ta la'anci birnin ya ƙone. Mutanen Attukal sun ce a kan hanyarta ta zuwa garin Kodungallur, can arewa da Attukal a cikin Kerala, ta yada zango a wurinsu, matan unguwa suka dafa mata abinci don su sanyaya mata zuciya.

Bikin kwana goma ne, Pongala kuwa yini ɗaya ne a ciki, na tara. A ranar farko ake yin abin da suke kira Kappukettu, inda ake ɗaura munduwa a takobin abar bautar da kuma hannun babban mai hidimar wurin, alamar an gayyato abar bautar garin Kodungallur ta zauna a Attukal har a gama. Daga ranar mawaƙa ke zama a wata rumfa ta ɗanyen ganyen kwakwa a gaban wurin bautar suna rera labarin Kannaki kashi-kashi, kowace rana da nata ɓangaren. Sunan waƙar Thottampattu. Ita ce agogon bikin, domin ba a kunna wutar Pongala sai mawaƙan sun kai inda aka hallaka sarkin Pandya. A daren rana ta tara ake fita da abar bautar a kan giwa zuwa wurin bautar Sastha, wani abin bautar, da ke unguwar Manacaud, a dawo da ita washegari, a rufe bikin da daren rana ta goma.

Kwanan watan yana motsi kowace shekara, don da kalandar Malayalam, wato kalandar gargajiya ta Kerala, ake lissafi, ranar tauraron Pooram a watan Kumbham, wadda ke faɗowa daidai da cikar wata ko kusa da haka. A 2023 ranar 7 ga Maris aka yi, a 2024 ranar 25 ga Fabrairu, a 2025 ranar 13 ga Maris. A 2021 da 2022 kuwa, saboda annobar korona, wuta ɗaya kawai aka kunna a wurin bautar, kowace mace ta dafa nata a gidanta. Saboda haka duk hoton titi cike da mata da aka ce na waɗannan shekaru biyu ne, hoton wata shekara ce daban. Ku kuma lura da kuskuren da aka fi yi, wato haɗa shi da Pongal. Shi Pongal bikin girbi ne na kwana huɗu a jihar Tamil Nadu, a tsakiyar Janairu, maza da mata suke yi a gidajensu. Sannan ko a Kerala ba Attukal kaɗai ke da Pongala ba. Akwai na Chakkulathukavu a gundumar Alappuzha da ake yi a Nuwamba ko Disamba, akwai na Karikkakom a cikin birnin Thiruvananthapuram kansa. Hoton tukwane da hayaƙi a watan Disamba ba na Attukal ba ne.

To, me kowace mace ke yi a bakin titin nan?

Tun kwana biyu ko uku kafin ranar ake kama wuri. Mace takan ajiye bulonta, ta rubuta suna da alli ko ta zagaye wurin da igiya, waɗanda suka zo daga nesa kuma su kwana a nan. Kusa da wurin bautar ya fi daraja, amma wanda bai samu ba sai ya ja baya, har sahu ya miƙe kilomita da yawa, ya mamaye harabar tashar jirgin ƙasa da ta mota, makarantu, ofisoshin gwamnati da tsakar gidajen mutane. Murhun jan bulo uku ne, kamar dai duwatsun murhu uku na tsakar gidan Bahaushe. Makamashin busasshen ganyen kwakwa ne da busasshen ɓawon furenta, suna kamawa da wuri amma suna cinyewa da wuri, ga hayaƙi. Tukunyar ƙasa ce sabuwa, ludayin kuma galibi na ƙoƙon kwakwa. Sabuwar tukunyar da ba a jiƙa ta a ruwa tun da wuri ba takan tsage da zarar wuta ta yi ƙarfi, shi ya sa matan da suka saba suke sayen tasu kwanaki kafin ranar, su ƙwanƙwasa su ji ƙararta, su cika ta da ruwa ta kwana.

Babu wadda za ta ƙyasta ashana don kanta. Da misalin ƙarfe goma na safe zuwa goma da rabi, babban malamin wurin yakan ɗauko fitila daga ɗakin da abar bautar take ya miƙa wa babban mai hidima. Shi kuma ya kunna murhun madafar wurin bautar, daga nan a kai wutar babban murhun da aka kafa a waje, wanda suke kira Pandara Aduppu. Sai a kaɗa ganguna, a harba abin fashewa, a sanar ta lasifika, mata su ɗauki guɗa. Daga wannan murhu wutar ke tafiya hannu da hannu, kowace ta kunna wa ta kusa da ita da guntun ganyen kwakwa. Cikin 'yan mintoci gari ya rufe da hayaƙi. Wanda ya ɗauki hoto ƙarfe tara zai ga tukwane babu wuta, wanda ya ɗauka sha ɗaya ba zai ga ƙarshen titi ba.

Babban abin da ake dafawa shi ne shinkafa da mazarƙwaila da kwakwa. Ana fara tafasa ruwa, a zuba wankakkiyar shinkafa, a bar ta ta tafaso har kumfa ya zubo ta bakin tukunya. Wannan zubowar ita ce abin da ake jira, ita ce ma'anar sunan bikin, kuma da yawan matan ba sa cin komai tun safe sai sun gan ta. Har gefen da kumfan ya zubo suna dubawa, sun fi son gabas. Ga gwangwani ɗaya na shinkafa, ruwa gwangwani uku zuwa huɗu ke isa, mazarƙwaila kuwa daidai nauyin shinkafar ko fiye, gwargwadon yadda ake son zaƙi. Akan narkar da ita daban a tace saboda yashi, kuma ba a zuba ta sai shinkafa ta nuna luguf. In aka yi gaggawa aka zuba da wuri, shinkafar takan ƙi nuna ko da an ƙara mata wuta. Daga nan a sa gogaggiyar kwakwa, man shanu, wasu su ƙara ayaba. Akwai masu dafa farar shinkafa zalla. Akwai therali, ƙullin garin shinkafa da mazarƙwaila da ake naɗewa a wani ganye mai ƙamshi a turara. Akwai mandaputtu, na garin shinkafa da ƙananan koren wake, wanda ake dunƙulawa kamar siffar kai, masu fama da ciwon kai ke yin bakancensa. Wata ma takan yi bakancen ƙananan tukwane 101 ita kaɗai.

In an gama dahuwa sai a rufe tukunya da ganyen ayaba a zauna jira. Tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana, gwargwadon lokacin da aka ayyana a shekarar, ɗaruruwan masu hidima ke bazuwa cikin gari suna yayyafa wa tukwane ruwan da suke ɗauka mai tsarki. Da an yayyafa wa tukunyar mace, a wurinsu an karɓi hadayarta, sai ta ɗaure kayanta ta kama hanya. Abincin gida take kai shi, a raba wa iyali da maƙwabta. Babu alƙali, babu wadda ta zo ta ɗaya, babu kyauta.

Batun adadi shi ne inda muka fi son ku yi hattara. Kundin bajinta na Guinness ya rubuta mata miliyan 1.5 a bikin 23 ga Fabrairu 1997, sannan miliyan 2.5 a na 10 ga Maris 2009, a matsayin taron mata mafi girma. Waɗannan su ne alƙaluman da za ku iya jingina wa wata majiya. Daga baya akan ji ana cewa miliyan uku ko huɗu. Ku yi lissafi da kanku kafin ku buga. Ƙidayar 2011 ta nuna jihar Kerala gaba ɗaya tana da mutum kusan miliyan 33, mata kimanin miliyan 17 a ciki, birnin kuma bai kai mutum miliyan ɗaya ba. Miliyan huɗu na nufin kusan mace ɗaya cikin kowace huɗu a jihar, har da jarirai da tsofaffi. Sannan in kowane murhu ya ci mita ɗaya, aka jera gefe biyu na titi, murhu miliyan 2.5 zai buƙaci titi mai tsawon kilomita 1,250. Gaskiya ne ana jera sahu fiye da biyu, ana kuma cika filaye da gidaje, amma babu ƙofar da ake ƙirga masu shiga, kuma yawan tukwane ba shi ne yawan mata ba. Taron yana da girman gaske ba tare da an yi masa ƙari ba. Ku rubuta "masu shirya bikin sun ce" ko "a cewar kundin Guinness", ku huta.

Abin da ke lalacewa a ranar sananne ne, kuma kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Na farko zafi. Lokacin bazara ne a Kerala, ma'aunin zafi kan haura digiri 32, iska cike da danshin teku, ga mace ba ta karya ba, tana tsugune gaban wuta a kan kwalta. Suma da ƙishirwa su suka fi kai mutane wurin ma'aikatan lafiya. Na biyu ƙuna. Murhu yana dab da murhu, gefen zane yana ja a ƙasa, iska ta kaɗa. Shi ya sa hukumomi ke nanata a sa tufafin auduga, don yadin roba in ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata. Ana kuma son kowace ta ajiye bokitin ruwa kusa, ta tara makamashinta nesa da murhu, ta kashe wutar tas kafin ta tashi. Hukumar lantarki ta jihar takan yi gargaɗi kada a kafa murhu kusa da taransifoma ko ƙarƙashin wayar da ta yi ƙasa, ana kuma hana kafawa kusa da gidajen mai. Masu asma suna shan wuya da hayaƙin. Ɓarayin sarƙar zinare kuma suna shiga cunkoson, musamman lokacin watsewa, domin a nan ne kowa ke son ya isa tasha a lokaci ɗaya da tukunya mai zafi a ka.

Gwamnati ma tana da nata aikin, kuma labari ne mai zaman kansa ga duk wanda ke sha'awar yadda ake tafiyar da babban taro. Ana ba da hutu a birnin, a rufe shagunan barasa, a ƙara motocin safa da jiragen ƙasa, a taƙaita zirga-zirgar ababen hawa tun yammacin jajibiri. Hukumar birnin ta kafa dokar rage shara: ana so kowa ya zo da farantinsa da kofinsa na ƙarfe, masu rabon abinci da ruwa kyauta su yi rajista kuma su guji na roba. Dokar tana aiki a wani wuri, a wani wurin tana shan kashi, don mai rabon abinci ga dubban mutane robar ta fi masa sauƙi. Da yamma dubban masu shara ke fita, kafin gari ya waye an kwashe toka da ganye, motocin ruwa sun wanke manyan tituna. Bulon da aka bari kuwa hukumar birnin ke tattarawa a ba marasa galihu su gina gida. A ganinmu wannan dabara ta fi adadin Guinness cancantar kanun labari.

Akwai ɓangaren da bai kamata ku rufe ido a kansa ba, kuma bai kamata ku zuzuta shi ba. Sunansa Kuthiyottam. Yara maza ne da ba su wuce shekara goma sha biyu zuwa sha uku ba, waɗanda iyayensu suka yi bakance da su. Daga rana ta uku suke tarewa a wurin bautar har kwana bakwai, suna kwana a ƙasa, abinci ƙayyadadde, wanka a tafkin wurin, kuma sai sun faɗi ƙasa gaban abar bautar sau 1,008 kafin kwanakin su cika. Ana ɗaukar su sojojinta da suka ji rauni a yaƙi. A daren rana ta tara ake soka musu siririyar waya a fatar kwiɓi, su yi rakiya zuwa Manacaud, sannan a cire. A Fabrairun 2018 R. Sreelekha, wadda a lokacin ita ce shugabar gidajen yarin jihar, ta fito fili ta kira abin cin zarafin yara, hukumar kare haƙƙin yara ta Kerala kuma ta buɗe bincike. Amintattun wurin da iyayen yaran sun kare al'adar, kuma ba a daina ba. Mu ra'ayinmu yaron da bai kai ya yanke wa kansa shawara ba bai dace a huda masa fata don bakancen wani ba. Amma ku lura mabiya addinin ne da kansu suke wannan muhawara, ita Sreelekha ma ta daɗe tana yin Pongala. Kada ku ɗauki hoton yaro ɗaya ku ce haka ake yi wa duk yaran Indiya. 'Yan mata ƙanana kuwa nasu Thalappoli ne, ado da faranti mai fure da fitila, babu huda a ciki.

Masu karatunku Musulmi za su so su san wani abu. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Kerala Musulmi ne. A unguwar Palayam da ke tsakiyar birnin, masallacin Juma'a da majami'ar Saint Joseph da wani wurin bautar Hindu suna maƙwabtaka, kuma an saba a ranar Pongala masallacin da majami'ar su buɗe harabarsu ga matan su sha ruwa, su kama ruwa, su huta a inuwa. A 2025 ranar ta faɗo cikin watan azumi. Wannan haƙƙin maƙwabtaka ne suke saukewa. Kada a rubuta cewa masallaci ya shiga bautar, don ba haka aka yi ba, kuma irin wannan jimla ɗaya tana iya tayar da ƙura a ƙarƙashin labarinku har a manta da labarin.

In kuna da wakili ko ɗalibi a can da za ku nemi ya ɗauko muku rahoto, ku gaya masa maza ba sa shiga kewayen wurin bautar a ranar sai masu hidima, jami'an tsaro, ma'aikatan agaji da 'yan jaridar da suka karɓi izini tun da wuri. Ya tsaya a manyan tituna irin na Thampanoor ko Palayam, ya isa kafin tara na safe da ƙafa, kada ya tsallake murhu ko ya taɓa tukunya, ya nemi izinin mace kafin ya ɗauki fuskarta. Ku kuma sanar da masu zuwa birnin neman magani, don akwai manyan asibitocin zuciya da na daji a can, cewa kada su sa ganin likita ko tashin jirgi a wannan rana in da hali. Filin jirgin bai da nisa da Attukal, kuma hanyoyin da ke kaiwa can suna cikin waɗanda ake toshewa daga safe har bayan la'asar.

Wassalam.

Daga wasu malamai da ɗalibai masu nazarin addinai da al'adun kudancin Indiya.